B90, C67, D59: daga ina 'yar lambar nan ta saman fayil ɗin wasanka na ces ta fito?

1/
Duk wanda ya taɓa sauke wasansa na ces daga Lichess ko Chess.com ya ga wani ɗan layi a saman fayil ɗin, kamar haka: [ECO "B90"]. Galibinmu tsallake shi muke yi mu wuce. To wannan harafi ɗaya da lamba biyu suna da tarihin da ya ratsa ta Bagadaza, da Landan, da Belgrade. Zaren na da tsawo fa, a samu wuri a zauna. 🧵

2/
Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Ces shi ne abin da wasu ke kira darar Turawa. Takun farko da ake fara wasa da su, kafin a gwabza a tsakiyar allo, su zan riƙa kira "buɗi". Kowane buɗi yana da rassa, kowane reshe yana da nasa rassan. Abin da ya dami masana ɗaruruwan shekaru shi ne: da me za a kira kowannensu, yadda na gabas da na yamma za su san abu ɗaya ake nufi?

3/
A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, ƙarni na 9 da na 10, gwanayen shaɗaranji irin su al-Adli da as-Suli da al-Lajlaj sun riga sun raɗa wa buɗinsu sunaye. Suna kiran buɗi "ta'abiya", wato jera runduna kafin yaƙi. Akwai Mujannah, mai fukafukai. Akwai Sayyal, mai kwarara kamar ruwa. Akwai Masha'ikhi, na shehunai.

4/
Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi can gaba. Sunan ta'abiya na yadda ƙwayoyi suka tsaya ne a kan allo bayan an gama jera su. Ko da wane taku ka fara, ba ruwan kowa. Dalili kuwa ƙwayoyin lokacin ba su da sauri. Soja gida ɗaya yake takawa, wazirin da ya zama sarauniya a yau shi ma gida ɗaya a karkace. Sai kowa ya yi taku goma sha wani abu yana gyara gidansa kafin a taɓa juna.

5/
Wajen ƙarshen ƙarni na 15, a Sifaniya, aka sauya dokoki. Sarauniya ta samu damar ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan, ƙwayar da Larabawa ke kira giwa ita ma aka sake mata mara. Sai ya zama ana iya gamawa da mutum a taku huɗu. Daga nan dole a kula da jeri, wane taku ne ya riga wane. Tsofaffin sunayen Larabawa suka daina aiki, aka shiga raɗa sababbi.

6/
A 1561 wani limamin coci ɗan Sifaniya, Ruy López de Segura, ya buga littafinsa na ces. A ciki ya tattauna 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5. Har gobe masu jin Ingilishi da sunansa suke kiran wannan buɗi. Amma ba shi ya ƙirƙiro shi ba, yana nan a wani rubutun hannu da ke ajiye a Göttingen ta Jamus, wanda ya girmi littafinsa da shekaru masu yawa.

7/
Tun daga nan rikici ya fara. Abin da Bature ɗan Ingila ke kira Ruy López, Bajamushe da ɗan Rasha "wasan Sifaniya" suke ce masa. Taku ɗaya, allo ɗaya, suna biyu. Kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa abin da ya tarar a littafin gidansu yake faɗa.

8/
Buɗin da ya fi kowanne farin jini a kan 1.e4 shi ne 1...c5, Kariyar Sisili. Giulio Polerio ɗan Italiya ya rubuta shi a ƙarshen ƙarni na 16. Sunan kuwa ya bazu ne bayan 1813, lokacin da Jacob Sarratt ɗan Ingila ya fassara tsofaffin rubuce-rubucen Italiya, ya tarar an jingina takun ga tsibirin Sisili. Mai fassara ya ɗauko, duniya ta karɓa.

9/
Wasu sunayen daga gidan waya suka fito. Tsakanin 1834 da 1836 kulob ɗin Landan da na Paris sun kara ta wasiƙa, kowane taku sai ya ƙetare teku. Mutanen Paris suka amsa 1.e4 da 1...e6, suka kuma ci. Shi ke nan, 1...e6 ya zama Kariyar Faransa har yau.

10/
Kafin wannan, daga 1824 zuwa 1828, Landan ta yi irin wannan karawa da Edinburgh ta Skotland. Daga nan "wasan Skotland" ya samu suna. Abin dariyar shi ne mutanen Landan ne suka fara buga shi a karawar. 'Yan Edinburgh suka ga ya yi musu, suka ara suka yafa, suka ci gasar, suna ya bi mai nasara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

11/
Da aka shiga zamanin manyan gasa, sai garuruwan da suka karɓi baƙi suka riƙa samun rabo. Cambridge Springs ta Amurka, 1904. Scheveningen ta Holan, 1923. Meran, 1924. Ƙananan wuraren shaƙatawa ne, amma duk ɗan ces na duniya ya san sunansu, ko da bai iya nuna su a taswira ba.

12/
Sai Savielly Tartakower, sarkin barkwanci. A gasar New York ta 1924 'yan wasa suka je gidan namun daji, ya tsaya gaban wani biri orangutan, washegari ya buɗe da 1.b4 a kan Géza Maróczy. Sunan birin ya manne wa takun. A Rasha kuwa Sokolsky suke cewa, saboda Alexey Sokolsky da ya yi shekaru yana nazarinsa. Wasu kuma buɗin Poland suke kiransa. Suna uku kenan.

13/
Shi dai Tartakower ɗin, a gasar Barcelona ta 1929, masu shiryawa suka nemi a samo buɗin da zai ɗauki sunan yankinsu. Ya haɗa d4 da c4 da g3, aka ce Katalan. Shi kuwa reshen Macijin nan na Sisili, Dragon, wani ɗan Rasha ne, Fyodor Dus-Chotimirsky, ya ce ya ga jerin sojojin baƙi ya yi kama da wani gungun taurari mai wannan suna.

14/
Ga wanda ya fi taɓa zuciya. A Kalkata ta Indiya, a shekarun 1850, wani gwani mai suna Moheschunder Bannerjee ya buga ɗaruruwan wasanni da lauya John Cochrane. Yakan ƙi tura sojan tsakiya, ya ɓoye giwa a kusurwa yana harbi daga nesa. Daga irin salonsa aka samu sunan "kariyar Indiya". Ƙasarsa ta samu suna a kan rassa barkatai, shi kuwa ko ɗaya daga cikin manyan bai ɗauki sunansa ba. Allah sarki.

15/
Kun ga dai babu wata hukumar raɗin suna. Wani sunan mutum ne, wani gari, wani ƙasa, wani dabba. Wani na wanda ya ƙirƙira ne, wani na wanda ya fi baki. Kundin Oxford Companion to Chess ya lissafa buɗi da rassa 1,327 masu suna. Hukumar ces ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Paris a 1924, ta gwada daidaita sunayen, har ta fitar da ɗan littafi a 1933. Ba a bi ta kansa ba.

16/
Marubuta kuma sun daɗe suna ƙoƙarin jera buɗi a jadawali. Jamusawa sun yi Handbuch des Schachspiels a 1843, aikin da Paul von Bilguer ya fara, ya rasu bai gama ba, von der Lasa ya ƙarasa. Ingila ta yi Modern Chess Openings a 1911. Kowanne babban aiki ne, amma kowanne da harshensa, da sunayensa, da salon jerinsa.

17/
Ko rubuta takun ma ba a haɗu a kai ba. Salon nan na harafi da lamba, e4, d5, ana jingina shi ga Philipp Stamma, mutumin Halab ta Siriya, a littafinsa na 1737. Jamus da Rasha suka rungume shi. Ingila da Amurka suka tsaya kan nasu, inda e4 take P-K4. Masu jin Sifaniyanci kuma P4R suke rubutawa. Sai 1981 FIDE ta daina amincewa da wancan tsohon salo.

18/
Yaƙin cacar baka ya ƙara dagula lissafi. 1.e4 d6 2.d4 Nf6 3.Nc3 g6, Yamma na kiransa Pirc, sunan Vasja Pirc ɗan Yugoslabiya. A Tarayyar Sobiyet dole a haɗa da sunan nasu, Anatoly Ufimtsev. Haka 2...Nf6 da Ingilishi ke kira Petrov, ƙasashen Turai da yawa "wasan Rasha" suke cewa.

19/
Akwai buɗin da baƙi ke sadaukar da soja da ...b5 a kan 1.d4. Rashawa sun san shi da sunan kogin Volga tun shekarun 1940. Pal Benko, ɗan Hangari da ya koma Amurka, ya goge shi ya riƙa cin mutane da shi daga ƙarshen shekarun 1960, ya rubuta littafi a kai. Yamma ta ce Benko, Gabas ta ce Volga. Suna a nan ya zama tutar siyasa, kowa na cewa namu ne.

20/
Wani zai ce to mene ne a ciki, ai suna linzami ne kawai. A'a, akwai abinci a ciki. Ɗan wasan da zai kara gobe yana bukatar ganin duk abin da aka buga a reshen da abokin karawarsa ke so. Wasannin kuwa suna warwatse a mujallun Rashanci, Jamusanci, Sabiyanci, Sifaniyanci, kowacce da sunanta. Wanda bai ga sabon takun da aka gano a Riga ba, a kan allo zai gan shi, agogo na tafiya. Bobby Fischer har Rashanci ya koya don ya karanta mujallunsu.

21/
Maganin daga Belgrade ya fito, kuma akwai dalili. Yugoslabiya ta Tito ba ta bin Mosko, ba ta bin Washington, a Belgrade ma aka yi taron farko na ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a 1961. Ga ta kuma ƙasar ces ta gaske: ta ci gasar Olimpiyad ta 1950 a Dubrovnik, tana da Svetozar Gligorić, 'yan wasan ɓangarorin biyu duk suna zuwa gasanninta. A 1970 a can aka yi karawar Sobiyet da sauran duniya.

22/
A 1966 babban gwani Aleksandar Matanović da abokin aikinsa Milivoje Molerović suka fara fitar da Šahovski informator, wanda duniya ta sani da Informator. A farko sau biyu a shekara yake fitowa, littafi guda mai ɗaruruwan zaɓaɓɓun wasanni, da sharhin su kansu waɗanda suka buga. Dabarar da ta sayar da shi ita ce sun kori harshe daga cikinsa gaba ɗaya.

23/
Maimakon harafin doki, sai ɗan hoton doki. Maimakon "wannan taku ya yi kyau", sai !. Kuskure, ?. Fari ya fi ƙarfi, ±. Al'amari a cakuɗe yake, ∞. Sabon taku da ba a taɓa gani ba, N. A farkon littafin akwai shafin da ya fassara alamomin cikin harsuna da yawa. Da ɗan Kuba da ɗan Indiya da ɗan Jojiya, littafi ɗaya suke saya su karanta.

24/
To idan ka kori harshe, da me za ka jera wasannin? Ba za ka ce Benko ba, ba za ka ce Volga ba. Dole lamba. A shekarun farko sun yi amfani da tsarin da Braslav Rabar, ɗan wasa daga Zagreb, ya tsara. Daga baya suka ɗauki aikin da ya fi wannan girma: kundin buɗin ces gaba ɗaya, Encyclopaedia of Chess Openings, wanda aka gajarta zuwa ECO.

25/
Mujalladi biyar ne. Na farkon fitowa shi ne C, a 1974, na ƙarshe A, a 1979. Manyan gwanayen duniya suka rubuta babi-babi. Kowane mujalladi aka raba shi gida 100, daga 00 zuwa 99. Biyar sau ɗari, gida 500 kenan, daga A00 zuwa E99. Duk wasan da aka fara daga jerin da muka sani, yana da gida ɗaya a cikin 500 ɗin nan.

26/
Ga rabon a taƙaice:
A: buɗin gefe irin su 1.c4 da 1.Nf3, da Kariyar Holan, da Benoni.
B: 1.e4 da amsoshi irin su Sisili, Caro-Kann, Pirc.
C: Kariyar Faransa, da duk 1.e4 e5.
D: 1.d4 d5, da Grünfeld.
E: kariyoyin Indiya, irin su Nimzo da ta ɓangaren sarki, da Katalan.

27/
Nan take gardamar suna ta mutu, a kan takarda dai. Ruy López ko wasan Sifaniya, C60 zuwa C99. Petrov ko wasan Rasha, C42 da C43. Pirc ko Ufimtsev, B07 zuwa B09. Benko ko Volga, A57 zuwa A59. Biri ko Sokolsky ko Poland, A00. Ka kira shi abin da kakanka ya kira shi, adireshin dai ɗaya ne.

28/
Amma fa kada ku ɗauka lamba ba ta da son zuciya. Mutane ne suka zauna suka raba gidajen nan, kuma sun raba ne bisa abin da ake yayi a shekarun 1960 da 1970. Sisili ita kaɗai ta kwashi gida 80, B20 zuwa B99. Ruy López 40. Reshen Najdorf kaɗai 10, wato B90 ɗin nan da muka fara da ita zuwa B99. Benoni ta zamani 20.

29/
Ku duba ɗaya gefen. Fari yana da taku 20 da zai iya fara wasa da su. Shida ne suka samu gidajen kansu: e4, d4, c4, Nf3, f4, b3. Sauran 14 ɗin duk an tura su ɗaki ɗaya, A00. Mai buga 1.g3 da hankalinsa da mai buga 1.h4 don tsokana, maƙwabta ne a can.

30/
Shi kuma yayi ba ya tsayawa. Evgeny Sveshnikov da abokinsa Gennadi Timoshchenko, 'yan garin Chelyabinsk, sun farfaɗo da wani reshen Sisili da manya ke yi wa kallon banza. A Rasha ma sunan garin ake kiransa da shi. Ya girma har Magnus Carlsen ya kare kambunsa da shi a kan Fabiano Caruana a Landan, 2018. Gidansa a ECO? B33, guda ɗaya tak, kuma ba shi kaɗai ne a ciki ba.

31/
Haka Kariyar Berlin. Tsohuwa ce da aka jingine, sai Vladimir Kramnik ya ɗauko ta a Landan a 2000 ya toshe wa Garry Kasparov hanya, Kasparov ya rasa kambu bai ci wasa ko ɗaya ba. Dubban wasanni suka kwarara cikin C65 zuwa C67. A gefe guda kuma ga buɗin nan na sadaukar da sojan sarki, 2.f4, yana zaune a gida goma, C30 zuwa C39, manya ba su cika leƙa shi ba.

32/
Mafi muni shi ne Tsarin Landan, d4 da Bf4, wanda yau ya cika intanet. Ba shi da gida nasa ko ɗaya. Dangane da abin da baƙi ya amsa da jerin da aka bi, za ka same shi a D02, ko D00, ko A45, ko A46, ko A48. Wanda ya nemi wasannin Landan da lamba ɗaya, wani ɓangare kawai zai gani, ya tafi yana zaton ya gama shiri.

33/
Mutanen mujallar New In Chess ta Holan sun ga wannan raunin, suka yi nasu tsarin a shekarun 1980. Su haruffan sunan suka ɗauka: SI ga Sisili, RL ga Ruy López, sannan lambobi su biyo baya, kuma sukan sake rabo idan yayi ya sauya. Ya fi sauƙin tunawa, amma kun lura suna ya dawo ta taga? RL ai Ingilishi ne.

34/
Sai kwamfuta ta shigo. A 1987 kamfanin ChessBase na Hamburg ya fitar da manhajarsa ta farko ta adana wasanni, Kasparov na cikin waɗanda suka fara amfani da ita. Wasu manhajojin suka biyo baya, kowacce da irin fayil ɗinta da ɗayar ba ta iya buɗewa. Tsohuwar matsalar mujallu ta dawo da sabuwar riga.

35/
Wajen 1993 wani mai rubuta manhaja a Amurka, Steven J. Edwards, tare da masu tattauna ces a intanet ta lokacin, suka tsara PGN. Takardar ƙa'idojinsa da ake bi har yau tana ɗauke da kwanan 12 ga Maris, 1994. Rubutu ne zalla, mutum na iya karantawa da ido, kwamfuta ma haka. A wannan shekarar ta 1994 Mark Crowther ya fara The Week in Chess, wanda ke raba wasannin mako kyauta.

36/
PGN ya wajabta layi bakwai a saman kowane wasa: sunan gasa, wuri, kwanan wata, zagaye, mai farare, mai baƙaƙe, sakamako. Ku lura, buɗi ba ya cikinsu. Nafila ne. Dalilin a fili yake: takun wasan suna nan a ƙasa, su ne shaida. Lamba ko suna, hukunci ne da wani ya yanke a kan shaidar, kuma ana iya sake yanke shi.

37/
Inda takardar ta burge ni shi ne yadda ta raba akwati biyu. Akwati na farko na suna ne, layukan Opening da Variation da SubVariation, ta kuma faɗa ƙarara cewa waɗannan suna sauyawa daga wuri zuwa wuri. Akwati na biyu na lamba ne, layin ECO da layin NIC, ta jera su a matsayin kayan wasu kamfanoni. Ba ta zaɓi ɗaya ta yar da ɗaya ba. Rikicin shekara ɗari huɗu, ta ba kowa layinsa.

38/
A wuri ɗaya ne ta yi tsayin daka: haruffan ƙwayoyi. K, Q, R, B, N, na Ingilishi, ko a ina kake. Akwai hujja. A Faransanci R sarki ne, a Ingilishi R hasumiya ce. A Jamusanci doki S ne, a Faransanci C. Da an bar kowa da nasa, fayil ɗin Paris zai isa Landan sarki ya koma hasumiya. Alamomin Informator ma sun shigo a matsayin lamba: $1 taku mai kyau, $2 kuskure.

39/
Saura babbar matsala guda: wa zai yanke lambar, kuma a wane taku? Misali mafi shahara, Reykjavik, 1972, wasa na 6 tsakanin Fischer da Boris Spassky. Fischer da duniya ta sani da 1.e4 sai ya buɗe da 1.c4, buɗin Ingila, wanda gidansa A10 zuwa A39. Aka ci gaba: 1...e6 2.Nf3 d5 3.d4 Nf6 4.Nc3 Be7 5.Bg5 0-0 6.e3 h6 7.Bh4 b6.

40/
Kafin taku na bakwai, allon ya zama daidai da wanda ake samu daga 1.d4 d5 2.c4. An bi ta wata hanya an ɓullo gari ɗaya. Shi ya sa a rumbunan wasanni lambar wannan wasa D59 ce, ba A ba. Sunan reshen kuma Tartakower a Yamma, a Rasha sai an ƙara Makogonov da Bondarevsky. Fischer ya ci, Spassky ya tafa masa tare da 'yan kallo.

41/
Kun tuna ta'abiyar Bagadaza? Inda manhajojin yau suka koma kenan. Suna bin wasan taku-taku, suna gwada tsayuwar ƙwayoyi da jerin tsayuwar da suka sani, ta ƙarshen da suka gane ita ke ba da lamba da suna. Kalmar ma ba ta mutu ba, har yau 'yan ces na cewa "tabiya" ga sanannen matsayin da ainihin faɗa ke farawa.

42/
Sai dai kowace manhaja da jerin da aka ba ta. Scid ta ƙara ƙananan haruffa bayan lamba don ta tsattsaga gidajen da suka cika, irin B90a. Lichess, wadda Thibault Duplessis ya fara a 2010, tana da jerin sunaye sama da 3,000 da kowa ke iya ɗauka kyauta, an raba su fayil biyar, a zuwa e, kamar mujalladan Belgrade. Shi ya sa wasa ɗaya kan fito da lamba daban ko suna daban a wurare biyu.

43/
Akwai kuma inda ECO ba ta da ta cewa. A 1996, a Buenos Aires, Fischer ya gabatar da salon da ake hargitsa jerin ƙwayoyin baya, don a huta da haddar buɗi. Jeri 960 ne, an lambata su daga 0 zuwa 959, wanda muka saba da shi shi ne 518. Duk gidaje 500 ɗin can a kan 518 kaɗai aka gina su.

44/
To me mai wasa zai ɗauka a nan? Idan kana tace dubban wasanni, fara da lamba, ta fi sauri kuma ba ta san harshe ba. Idan shiri kake yi wa wani, kada ka tsaya a lamba, jera matsayin a kan allo ka nema da shi, don kada waɗanda suka biyo ta wata hanya su kuɓuce maka. Idan kuma kana shigar da wasan gasarku da hannu, cika layukan nan bakwai daidai, ka bar manhaja ta sa lambar.

45/
Suna kuwa kada a goge shi daga fayil. B90 ba za ta gaya maka cewa Miguel Najdorf ya je Ajantina wakiltar Poland a 1939, yaƙi ya ɓarke, ya zauna can, iyalinsa duk suka halaka a hannun 'yan Nazi ba. Sunan ne ke sa yaro ya tambaya wane ne wannan. Ko inda sunan ya yi rashin adalci, kamar na Bannerjee, ta bin sawunsa ne muka san an yi.

46/
Nan zan tsaya. Ɗan aiki ga masu wasa: ku sauke wasanninku na watan nan, ku buɗe fayil ɗin da kowace manhajar rubutu, ku ƙirga wace lamba ce ta fi yawa, ku ajiye mana a ƙasa. 'Yan A00, kada ku ji kunya, ku fito. Mun san kuna nan. 😄